Daɓe, Siminti, Leda ko Tayil: Yadda Za Ka Gyara Ƙasan Ɗaki da Kuɗi Kaɗan a Karkara

Lokacin bikin ƙanena, saura kwana goma a kawo amarya muka tashi gyaran ɗakinsa a gidanmu na gado, a wani ƙauye kusa da Ringim. Aka kira magini ya shafa siminti buhu biyu a kan tsohon daɓen da ke ɗakin, bayan kwana biyu 'yan jere suka zo suka shimfiɗa leda mai ruwan zuma, aka kafa gado. Ranar kowa ya shiga sai ya yaba. Da damina ta yi nisa, amarya ta fara cewa ɗakin yana wari. Muka ɗaga gefen ledar, sai ga ƙarƙashinta ya yi baƙi ƙirin da danshi, simintin ya ɓamɓare kamar ƙanzo, gara kuma ta biyo ta tsaga ta kama ƙafar gado. Kuɗin siminti da na leda duk sun tafi, ga ɓacin ran yarinyar da iyayenta suka yi ɗawainiyar kayan.

Tun daga ranar na gane cewa mu a ƙauye mukan fara tambaya ne daga sama: leda zan sa ko tayil? Alhali abin da ke ƙarƙashi shi ne ke yanke hukunci. In kuɗinka kaɗan ne, kashe mafi yawansu a wajen da ido ba ya gani, sama kuma ka yi mata abin da ya sawwaƙa, ka ƙara daga baya. Ga yadda aikin yake tafiya daki-daki.

Mataki na farko: san ƙasar da gidanka yake kai

Kano da Jigawa ba ƙasa ɗaya ba ce. Wanda yake wajajen Gumel, Maigatari ko Ɓaɓura yana kan rairayi ne, ruwa yana sauka ya nutse, matsalarsa ita ce ƙasar ba ta kama jikinta in ba a danne ta sosai ba. Wanda yake kwarin kogin Haɗeja, irin su Auyo, Miga, Kirikasamma da Guri, a wurare da yawa yana kan laka ne mai kumbura da damina, ta tsage da rani, ga ruwa kusa da saman ƙasa. Duk wanda ya ga ambaliyar 2022 a Jigawa ya san abin da ruwa yake yi wa gidan ƙasa. Kudancin Kano kuwa, su Rano, Tudun Wada da Doguwa, sun fi samun ruwan sama, amma Allah ya ba su jar ƙasa da marmara da dutse, waɗanda su ne kayan ciko mafi kyau.

Kafin ka sayi komai, yi wannan gwajin, ba ya cin ko sisi. Samo farar leda mai faɗin kamar kamu biyu, ka shimfiɗa a tsakiyar ɗakin, ka danne gefunanta da bulo yadda iska ba za ta shiga ba, ka bar ta kwana biyu. In ka ɗaga ka ga raɓa a jikinta ko ƙasan wajen ya yi duhu, danshi yana tasowa daga ƙasa. An fi gane gaskiya in an yi gwajin a watan Agusta ko Satumba. Sannan ka duba gindin bango: in yana yin fari-fari kamar kanwa, ko yana zubar da gari, shi ma shaida ne.

Sai ka fita waje ka tsaya inda indararo yake zuba. Ina ruwan yake bi? In yana kwanciya a jikin bangon ɗakin, fara da nan. Ka yi ɗan dakali a gindin bango, ka fitar da kwata. Ƙasan ɗaki ya kamata ya fi tsakar gida tudu da aƙalla inci 6, a yankin fadama kuwa har tsayin bulo guda. Amma ka auna ƙofa tukuna, don tsofaffin ɗakunanmu gajeru ne, kada ka ɗaga ƙasa ƙyaure ya ƙi buɗuwa.

Mataki na biyu: auna, kuma ka raba ɗakunan

Yawancin ɗakunan da ake ginawa ƙafa 12 ne tsawo, 12 faɗi, wato kusan murabba'in mita 13 da rabi. Da wannan ɗakin zan riƙa yin lissafi, kai sai ka daidaita da naka. Kuma ka riƙa lissafi da buhu da kwali da yadi, ba da naira ba, don farashi ba ya zama. Bayan cire tallafin fetur a 2023, buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama a farkon 2024, kuɗin mota ma ya tashi. Ka san adadin kayan, ranar saye sai ka tambayi kuɗin ranar.

Ba dole ne gida duka ya zama iri ɗaya ba. Makewayi da wajen wanke-wanke su suka fi buƙatar siminti, don can ruwa yake. Bayansu sai ɗakin da yara suke rarrafe. A ƙasar Meziko an yi wani shiri mai suna Piso Firme, inda aka riƙa zuba wa gidajen talakawa siminti a madadin turɓaya, kuma bincike ya nuna raguwar tsutsar ciki da gudawa a ƙananan yara. Zaure, ɗakin ajiya da rumfa za su iya jira, ko a yi musu daɓe.

Mataki na uku: ciko

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi yin ha'inci, don da an rufe babu mai sake gani.

A fitar da kaya duka, a sa diga a kwashe tsohon daɓe ko fasasshen siminti, har da baƙar ƙasar sama mai saiwoyi da ramukan ɓera. In ka ga hanyar gara, bi ta har inda ta fito. Sau da yawa akwai suri a bayan gida ko wani tsohon kututture a binne. A tone shi. In za ka zuba maganin gara, saya a shagon masu kayan gona, ka bi abin da aka rubuta a jikin kwalba, ka kau da yara da kaji, kuma kada a zuba kusa da rijiya.

Kayan ciko mai kyau shi ne jar ƙasa, marmara, burji, ko fasassun bulo da tsohon siminti da aka daddatsa. Kada ka yarda a kawo maka ƙasar bola ko lakar kududdufi don ita ce kusa. Ta bola tana ruɓewa ta lotsa, laka kuma tana kumbura ta fasa abin da ke kanta. In tifa ta yi maka tsada, mai amalanken shanu zai ɗebo maka sahu-sahu, ko ku haɗa kuɗi da maƙwabci ku raba tifa ɗaya.

Ba a zuba ciko gaba ɗaya. A zuba kaurin inci 4 zuwa 6, a yayyafa ruwa ya jiƙa ba tare da ya zama taɓo ba, a daddaka da guntun gungume ko gwangwanin da aka cika da kankare aka sa masa mariƙi, har sai ka taka da dunduniya ba ta bar shaida ba. Sannan a ƙara wani. Kusurwoyi da bakin ƙofa su lebura yakan tsallake, ka tsaya a kansu da kanka. In da hali a bar cikon ya yi mako guda ana ba shi ruwa.

Idan siminti za a zuba, a baza yashi ɗan siriri a kan cikon don kada tsakuwa ta huda, sannan a shimfiɗa baƙar leda mai kauri irin ta gini, a ɗora gefe kan gefe kamar taƙi ɗaya, a ɗan ɗaga ta a jikin bango. Ita ce take tare danshi. Da mun sa ta a ɗakin ƙanena, da ban rubuta wannan ba.

Mataki na huɗu: zaɓen abin da zai zauna a sama

Daɓe. Kada kowa ya sa ka ji kunyarsa. Da muka zo ɗakin mahaifiyarmu na ce, "Inna, a zuba miki siminti ke ma." Ta ce, "A'a ɗan nan, bar mini daɓena. Siminti da sanyi sai ya kama mini ƙafa." Kuma tana da gaskiya. Daɓe ba ya yin sanyin ƙarfe da hunturu, ba ya riƙe zafi da bazara, kuma yana barin ƙasa ta yi numfashi. Wannan yana da muhimmanci a ginin ƙasa, domin in ka rufe tsakiyar ɗaki da siminti alhali ba ka gyara hanyar ruwa a waje ba, danshin da ya rasa mafita sai ya koma gindin bango ya riƙa cin sa.

Yadda ake yi: a baza marmara da ƙananan tsakuwa kaurin yatsu uku ko huɗu, a jiƙa, mata su shiga da madaɓi suna bugu a jere suna waƙa, har tsakuwar ta nutse fuska ta haɗe. A bar shi ya sha iska, gobe a sake yayyafawa a sake bugu. Daga nan sai ruwan makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, wasu kuma sukan yi da ruwan bagaruwa. Shi ne yake sa daɓen ya yi duhu, ya yi tauri, ya rage ƙura. In aka yi gayya, abincin masu aiki da goro ne kusan duk kuɗinsa. Aibinsa shi ne ba ya son ruwa, ba a wanke shi, ƙafar gado tana tona shi, kuma sai ana sabunta shi lokaci-lokaci. Saboda haka ya dace da zaure da ɗakin tsofaffi da ɗakin ajiya a gidan da yake kan tudu.

Siminti. A ganina shi ne zaɓin mai ƙaramin ƙarfi da yake son abu mai daɗewa, don in an yi shi daidai, yau ka shimfiɗa tabarma, baɗi leda, wata shekarar tayil, duk a kansa. Buhu kilo 50 ne, ko na Dangote ko BUA ko Ashaka, kuma yana cika kwanon sarki kusan biyu. Abin lura ba sunan kamfani ba ne, sabunta ce. Danna buhun da hannu, in ka ji ƙulalai masu tauri ya sha danshi, ka bar shi. Wanda ya wuce wata uku a ajiye ƙarfinsa yana raguwa.

Hanya biyu ce. Cikakkiya ita ce a zuba kankare kaurin inci 3, da haɗin buhu ɗaya, yashi kwano 6, tsakuwa kwano 12, wanda zai ci kamar buhu 4 zuwa 5 a ɗakin 12 da 12. Sai a bi da shafe kaurin inci ɗaya, buhu ɗaya ga yashi kwano 6 zuwa 8, shi kuma kamar buhu 3. Jimla buhu 7 zuwa 8. In wannan ya fi ƙarfinka kuma cikonka ya dannu sosai, a zuba kankare inci 2 mai ƙarfi, buhu ɗaya ga yashi kwano 4 da tsakuwa kwano 8, a goge fuskarsa tun yana ɗanye. Wannan zai tsaya a kan buhu 4 ko ɗan fiye. Abin da ba na so ka yi shi ne namu na farko, a shafa siminti kamar man shanu a kan ƙasa. In buhu biyu ne ƙarfinka, gara ka yi daɓe mai kyau ka ci gaba da tari.

Yashi ya zama na kogi mai kaifi, ba turɓayar hanya ba. Zuba shi a kwalba zuwa rabi, ka cika da ruwa, ka girgiza, ka ajiye. Bayan sa'o'i laka za ta kwanta a samansa. In ta yi kauri sosai, yashin zai kashe maka siminti. Ruwan kwaɓi kuma kada ya yi yawa. Lebura yana son kwaɓi mai ruwa-ruwa don ya fi sauƙin juyawa, amma shi ne yake sa daɓen ya yi gari daga baya. Ya kamata shebur ya ɗauko shi ya tsaya, ba ya zuba kamar kunu ba.

Kafin a fara, magini ya ja layi a jikin bango da siririn tiyo mai ruwa a ciki, don ƙasan ya daidaita. A makewayi a karkatar da shi zuwa kwata, kamar inci ɗaya a kowace ƙafa 6. Mai son kala zai iya sayen jar hoda ta siminti a gauraya a shafen ƙarshe, ɗakin ya fito ja yana sheƙi ba tare da leda ba.

Sai ban ruwa, wanda kyauta ne amma shi aka fi sakaci da shi. Siminti ba bushewa yake so ba, da ruwa yake yin ƙarfi. Daga washegari a jiƙa shi safe da yamma har kwana 7, a rufe da tsofaffin buhuna ko jiƙaƙƙen yashi, a kulle ƙofa da taga. Da hunturu iska tana zuƙe ruwan cikin sa'o'i, da bazara kuma zafi yakan wuce maki 40, don haka a ƙara kulawa. Cikakken ƙarfinsa sai ya kwana 28.

Leda. Ita ce adon ɗakin amarya, tana da araha, ana gogewa da tsumma. Galibi faɗinta ƙafa 6 ne ko ɗan fiye, don haka ɗakin 12 da 12 yana cin falle biyu, yadi huɗu-huɗu, yadi 8 ke nan, ka ƙara rabin yadi saboda daidaita zane. Ana samunta a kasuwannin mako kamar Wudil ranar Juma'a, Ɗambatta ranar Lahadi, Maigatari ranar Alhamis. Lanƙwasa gefenta a gaban mai shago, in ta yi farin layi ko ta tsage, siririya ce, araha ba ta ado. Sharaɗinta biyu: ƙasa ta zama sumul, don ƙwayar tsakuwa ɗaya ta isa ta huda ta, kuma ta bushe sarai. Sabon siminti ya yi aƙalla wata guda kafin a rufe shi. Wannan magana ta ango ce da iyayensa: ba a fafe gora ranar tafiya, a gama ɗaki tun kafin ranar da aka sa ta matso. Bayan an shimfiɗa, a sa guntun katako ko roba a ƙarƙashin ƙafafun gado, kaskon turaren wuta da dutsen guga na gawayi kuma a nemo musu faranti ko bulo, don garwashi ɗaya ya faɗo ya bar tabo har abada. Kafet mai gashi ban cika ba da shawararsa a ƙauye ba, ƙurar hunturu yake tarawa. Darduma ƙarama da za a fitar a kakkaɓe ta fi.

Tayil. Shi ne mafi tsada, don bayan kuɗinsa akwai simintin ɗaurawa da kuɗin mai sawa da na mota. Ba a sa shi a kan daɓe ko sabon ciko, sai a kan kankare. Mai inci 16, wato santimita 40 da 40, kwali yakan zo da guda 12, kusan murabba'in mita 2. Ɗakinmu yana buƙatar guda 84, in ka ƙara kashi 10 cikin 100 na yanka da fashewa sai ka sayi kwali 8. Babban, mai santimita 60, guda 4 ne a kwali, zai ci kwali 11, kuma ya fi son ƙasa mai daidaito da gwanin hannu. Ƙaramin ya fi rufin asiri. Akwai masana'antun tayil a jihohin Kogi da Ogun, nasu ya fi na Sifen da Italiya araha, kuma ya wadatar da ɗakin kwana.

In ka shiga Kano, misali kasuwar Ƙofar Ruwa, saya duka lokaci ɗaya, ka duba lambar jikin kwalaye ta zama ɗaya, don zane ɗaya yakan bambanta a kala. Tambayi ragowar kwalayen da aka daina kawo irinsu, sukan yi sauƙi. Tabbatar na ƙasa ne ba na bango ba, na bango siriri ne. A mota a jera kwalayen a tsaye, ba a kwance ba. Kuma don Allah ka guji mai sheƙi kamar madubi a makewayi, bakin ƙofa da ɗakin tsoho. Mutum ya yi alwala ya shigo da jiƙaƙƙiyar ƙafa, santsi ɗaya ya isa ya karya ƙugu. Shafa da tafin hannu, ka ɗauki mai ɗan kaushi. Wajen sawa, a jiƙa shi a ruwa in bayansa ja ne, a cika bayansa da kwaɓi gaba ɗaya, a bar 'yar tazara tsakani. Washegari ka bi ɗaya bayan ɗaya kana ƙwanƙwasawa da mukulli. Wanda ya yi ƙara kamar ganga akwai rami a ƙarƙashinsa, a cire a sake tun mai aikin yana nan. Fasassun tayil da masu shago suke tarawa a buhu kuwa suna yin kyau a makewayi da dakali in an jera su a cikin siminti, a dai lura kada kaifinsu ya fito.

Mataki na biyar: lokaci da magini

Lokacin da ya fi shi ne bayan kaka, Oktoba zuwa Nuwamba. An sayar da riɗi ko shinkafa, hanya ta bushe mota za ta shigo, rijiya da ruwa, bango kuma bai gama ɓoye shaidar danshin damina ba. In kuɗin ba za su kai ba, raba aikin: bana kwata da ciko da kankare, baɗi shafe, leda ko tayil in Allah ya hore.

Kafin ka ba magini aiki, je ka ga ɗakin da ya yi wanda ya ci damina biyu. Ku yi jinga a gaban shaida, a faɗi kauri da haɗi da adadin buhu. Sayi kayanka da kanka, a kwaɓa a gabanka, da yamma ka ƙirga buhunan da aka zazzage. Ka riƙe wani abu daga kuɗin aiki sai an gama kwana bakwai na ban ruwa. Dattijon da ya sake mana aikin, da na gaya masa haka, cewa ya yi, "Ai haka ya kamata, yaro. Ka tsaya a kan kayanka." Ni kuma na ce, "Baba, kaurin nan fa inci uku." Ya yanko kara ya yi masa alama, duk inda aka zuba sai ya soka a gabana.

Ɗakin ƙanena buhu 7 ya ci a karo na biyu, da burji amalanke shida, da baƙar leda a ƙarƙashi, muka kuma karkatar da indararon da yake zuba a bayan ɗakin. Matarsa ta yarda ta zauna a kan jan siminti da tabarma har damina ta wuce. A Agustan da ya gabata muka sake danne farar leda da bulo a tsakar ɗakin, bayan kwana biyu muka ɗaga ta a bushe. Ya ce da zarar ya sayar da riɗinsa zai je Wudil ya yanko yadi takwas da rabi.